Murhun Jego a Bayan Kicin ɗin Jami'a

Masu karatu, waɗanda suka biyo ni tun farko sun san ni, waɗanda suka shigo yau kuma bari in gajarce musu. Sunana Na'Allah, sana'ata fata, musamman ta jar akuya, a Tudun Wada cikin Sakkwato. Karatuna na allo ne, sai 'yar makarantar yaƙi da jahilci ta wata huɗu da ta koya mini lambobi ta bar ni da haruffa rabi da rabi. Matata Sakinatu kuwa, ɗiyar Alhaji Maccido mai atamfa na Gidan Dare, malamar makaranta ce tun kafin in aure ta. Tana cikin matan aure 'yan ƙalilan da sabuwar jami'ar garinmu ta ɗauka, a zamanin da kuɗin mai suka yi wa ƙasar nan yawa, soja na mulki, ko'ina ka waiwaya siminti ake saukewa.

Wasunku sun rubuto cewa na fiye yabon kaina. To, ku gyara zama, yau abin kunyata zan faɗa.

Sakina ta haihu wata Talata cikin watan Yuni, a gidansu, domin haihuwar fari ce, an kai ta goyon ciki. Mace aka samu. Kada ku tambaye ni sunanta. Ɗiyar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ta, har yau da take da jikoki bakina bai iya furta shi ba. Jarrabawar ƙarshen shekara ta biyu kuma za a fara ta ne kwana goma sha shida bayan haihuwar.

Ga inda damuwar take. Alhaji Maccido dama bai so wannan karatu ba. Ni ne da zaƙin bakin neman aure na yi wa Sakina alkawari, shi kuma ya yarda bisa sharaɗi, a gaban mutane: shekara ɗaya in ta zube, ko da faɗuwa ko da fashi, a ɗaure littattafan a sa a ƙarƙashin gado, zance ya ƙare. Mutum ne da ba ya janye magana, ni kuma suruki ne, ba ni da bakin ja da shi.

Mai wankan jegon ita ce Gwaggo Atika, yayar Alhaji. Gajeruwar tsohuwa ce mai jan goro a haƙori, zanenta kullum saƙi ne baƙi, hannayenta sun saba da ruwan zafi har ba ta jin sa. Masu jego sama da talatin suka bi ta hannunta, ba wadda ta kumbura, kuma ba ta bari a manta da wannan. Kashegarin suna na same ta a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe ta.

"Gwaggo, batun jarrabawag ga ta Sakina."

"Wace jarrabawa? Wadda tay yi ran Talata ba ta isa ba?"

"Ta makaranta nika nuhi."

Ta tofar da tukar goro a bayan ƙyaure. "Na'Allah, kai hwata kas sani, ni jikin mace nis sani. Wanka biyu kullum, hantsi da la'asar, hak kwana arba'in. Ta hito ruwan zahi, ka aza ta bisa babur iska ta buge ta, sanyi shi shige ta, ƙahwahu su kumbura. Wa za shi jinya? Kai ko jami'a?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka na, Gwaggo."

Masu karatu, a nan ne abin kunyar yake. Da na fito na hau babur ɗina Besfa, wani sanyi na ji a zuciya, irin na ɗan dako da aka sauke wa kaya. Shekara biyu ina kai ta ina ɗauko ta. Ina ganin malamansu cikin Fijo, ina jin ta tana dariya da 'yan ajinsu a kan maganar da ban san kanta ba, ni kuma ko na wanke hannu sau uku warin fata bai barin farcena. Ban taɓa hana ta ba, amma ina tsoron ranar da za ta dube ni ta ga na yi mata kaɗan. Yanzu ga karatun zai mutu da kansa, babu hannuna a ciki. Har na tsaya na sayi tsire a hanya.

Kwana biyu bayan haka aka aiko mini da ƙauri, farfesun mai jego, daga gidansu, cikin kwano mai murfi da aka ɗaure da kallabi. Da na kwance kallabin sai ga 'yar takarda a ninke. Da ajami ta rubuta, don ta san shi nake karantawa ba sai na nemi kowa ba.

"Malam, na ji yadda kunka yi da Gwaggo, ina bayan ƙyaure. Ban ji ka yi gardama ba. Shekara biyu ina karatu bisa alkawalinka. In ka janye, hwaɗa mani da bakinka, kada ka laɓe bayan tukunyag Gwaggo. Mutuniyar lahiya lau take. Goshinka tak kwaso, Allah shi kyauta."

Sau huɗu na karanta. Ƙaurin nan har ya daskare ban taɓa shi ba.

Da safe na sa farar shaddata ta Juma'a, na kafa hula, na yi ɓarin turare, na sa goro da wata kwalbar turaren a aljihu, na nufi jami'a. A babban ofis wani akawu ya miƙo mini takarda mai layi-layi ya ce in cike in dawo. Na karɓa na juya ta gaba da baya, na yi godiya na fito. A bakin ƙofa na tsaya na yi wa kaina faɗa. Shekara nawa kana kasuwa, Na'Allah, ka taɓa ganin an yi cinikin kirki ta ƙofar baƙi? Ni fa ina da tawa ƙofar a jami'ar nan. A lokacin ɗalibai nama suke ci safe da yamma, kullum sai an yanka, kuma tun da aka buɗe makarantar ni nake kwashe fatun daga hannun Mode, shugaban masu dafa abinci.

Na zagaya baya. Mode na tsaye a kan tukunyar miya, ƙato ne mai tumbi da farar hula doguwa, tawul a kafaɗa.

"Yau ɗaurin aure za a yi kicin? Wanga ƙamshi hwa?"

Na ja shi gefe na zayyane masa komai, ban da tsiren. Ya share zufa ya ce in jira ƙarfe goma sha ɗaya, akwai mai zuwa ɗanɗana abincin ɗalibai, shi ne mai kula da al'amuransu, maganarsa tana shiga ko'ina.

Haka na haɗu da Malam Abdulwahabu, Bazazzagi, siriri mai tabarau, cikin kaftani ruwan toka da biro uku a aljihu. A tsaye ya saurare ni, da cokali a hannunsa.

"Sakinatu Maccido ta sashen ilimi? Ashe an sauka. Barka, barka. Amma me ya sa ba ta taɓa zuwa ta faɗa mana ba?"

"Kunya, ranka shi daɗe."

Ya yi murmushi. "Wata da watanni tana hawa bene da gyale ninki biyu, tana tsayawa a tsakiya wai takalminta take gyarawa. Ni na sa aka sauko da ajinsu ƙasa, na ce fankar sama ta lalace. Ita tana ɓoye mana, mu muna ɓoye mata cewa mun gani. Ashe duk kunyar juna muke ji."

Ni da nake kai ta kullum ban san an yi haka ba.

Ya ce dokar makaranta ta yarda ɗalibin da likita ya sa wa hannu ya rubuta jarrabawa a ɗakin asibitinsu, da mai sa ido a kansa. Ba a taɓa yi wa mai jego ba, amma ba a rubuta ban da mai jego ba. Na ce masa ai ba ɗaki ne damuwar ba, ruwa ne da iska. Na kwatanta masa Gwaggo. Ya daina murmushi ya saurara sosai, har ya ciro biro ɗaya.

"To, kada a yi ta zirga-zirga da ita. Akwai ɗaki mai gado biyu a bayan asibiti. Su tare nan kwana goma sha biyu, ita da jaririyar da gwaggon. Motar asibiti ta ɗauko su sau ɗaya, gilashi a rufe. Saura ruwa."

Mode ya buga ƙirji. "Ruwa nawa na. Ina da tukunyag gas da ka tahwasa rabin duro kahin ka gama alwala."

Na ciro goro da kwalbar turaren na miƙa. Malam Abdulwahabu ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya mayar mini da kwalbar. "Riƙe abinka, Malam Na'Allah. Da irin sana'arka, ka fi ni buƙata."

Saura Gwaggo. Ban ce mata an shirya ba, na san tsofaffi. Cewa na yi mutanen jami'a suna neman wanda ya san wankan jego ya duba musu wani wuri, su ba su iya ba. Ta yafa mayafi ta shiga tasi tana mita. Ta duba ɗakin, ta rufe taga, ta danna katifa da gwiwa, ta leƙa makewayi. Da muka zo kicin Mode ya kunna mata tukunyarsa da alfahari, wuta shuɗiya ta tashi, nan da nan ruwa ya fara tsalle. Gwaggo ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi.

"Ina itacen?"

"Babu itace, Hajiya, gas na."

"Ruwan da bai sha hayaƙi ba, zahinai bisa hwata shika tsayawa, ba shi shiga ƙashi. Ku dahwa shinkahwa da shi. Na'Allah, mai da ni gida."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin cewa tafasa tafasa ce, Mode ya taka mini ƙafa.

"Gaskiya ta, Hajiya. Ni kaina tuwon gas ban cin shi in ina da zaɓi. Ɗiya tara gare ni, kuma duk ni nih hura wutaj jegonsu. Nuna mani inda kika son murhu."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ta fita ta zagaya bayan kicin, ta tsaya a gindin wata bishiyar dogon yaro inda bango ya tare iska, ta nuna da ƙafa. Mode da kansa ya mirgino duwatsu uku daga inda ake gini. Kafin azahar leburorin makaranta sun kewaye wurin da zana, tun daga murhun har ƙofar ɗakin, da yake asibitin dab da kicin yake, an yanko rabin duro an wanke. Ganyen wanka kuwa ga shi a kanmu. Itace na ce nawa ne, kada kowa ya taɓa. Ni na san abin da nake biya.

Alhaji Maccido ba tambayarsa Gwaggo ta yi ba, faɗa masa ta yi. Da ya ce ai mai jego ba ta barin gida, sai ta ce masa inda tukunyarta take nan ne gida, kuma ita ta goye shi.

Aka fara jarrabawa. Mai sa idon wata malama ce 'yar kudu, Misis Uzo, doguwa mai takalmi mai tsini da gashi a gyare kamar hula, Hausarta kaɗan-kaɗan. Tana zuwa da takardun a cikin ambulan da agogon tebur. In jaririyar ta yi kuka, sai ta kife takardar, ta rubuta mintin da aka tsaya, daga baya ta cika wa Sakina lokacinta. Ranar farko, in ji Sakina, Gwaggo ta miƙo mata yarinyar amma ta kasa ba ta nono, ɗiyar fari a gaban baƙuwa. Yarinya na tsala kuka, uwa ta ƙura wa ƙasa ido. Misis Uzo ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauki kujerarta ta juya ta fuskanci bango. Haka ta riƙa yi har aka gama. Da rana kuma sai ga kwano daga kicin, gasasshen nama da yaji, Mode ya ce rabon ɗaliba ne, an dai canza masa kama.

Ni kuwa kullum da sassafe ina bayan amalanken itace. In na sauke sai in tuɓe riga in yi faskare, ɗalibai na wucewa da littattafai suna ce mini sannu da aiki, sun ɗauka lebura ne. Ban gyara musu ba.

Rana ta tara aka samu cikas. Duk sauran takardun an daidaita su da lokacin wanka, amma wannan dole ta tafi tare da ta sauran ɗalibai, daga ƙarfe uku zuwa shida. Na dawo da yamma ina ƙarin faskare aka kira la'asar. Ruwa ya tafasa, ganye ya nuna, Gwaggo ta ɗaure zane ta nufi ɗakin ta ƙwanƙwasa. Na ajiye gatari na matsa kusa.

Misis Uzo ta leƙo. "Mama, saura awa biyu."

"Ruwa ba shi jiran awa. Hito da ita."

"In ta fita, ni ban gani ba, takarda ya mutu. Doka ne, Mama."

"In ba ta yi wanka ba yanzun ga, yau za mu kwana Gidan Dare. Wagga kuma dokata ta."

Ta cikin ƙofar na hango Sakina, cikin atamfa shuɗiya da rigar sanyi duk da zafin Yuni, biro a hannu, idonta ya kawo ruwa. Takarda huɗu suka rage. Na san Gwaggo, in ta ce gida to gida ne. Na juya zan ruga neman Malam Abdulwahabu, sai na ga Misis Uzo ta koma ciki. Ta tattara takardun ta sa a ambulan ta maƙale a hammata, ta ɗauki agogon, ta tsaya a bakin ƙofa ta tuɓe takalmanta masu tsini ta jera su.

"Mu je. Ni ma zan shiga. A garinmu uwata ya yi mini haka da tawul, na yi kuka sosai."

Suka shige zana su uku. Daga waje na ji Gwaggo tana cewa, "Duba ganyen da kyau, Malama, ko amsa na rubuce gare shi." Sai ƙarar ganye a jiki, da tururi yana tashi ta saman zana. Minti arba'in suka yi. Da suka fito, gashin Misis Uzo ya kwanta ya manne a goshinta, rigarta sharkaf, amma ambulan ɗin ta ɗaga shi sama, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Sakina ta koma ta zauna da kofin kunun kanwa a gefenta, ta yi ta rubutu har gab da magariba. Tun daga ranar Gwaggo ta riƙa ajiye wa Misis Uzo nata kofin.

Mutanen nan uku ba dangina ba ne, ba kuma wanda ya tilasta su. Mode ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Malam Abdulwahabu na ji ya koma Zariya, Misis Uzo kuwa ban san inda duniya ta kai ta ba. In akwai ɗansu ko jikansu a cikinku, ya sani akwai wani tsoho a Tudun Wada da bai taɓa idar da salla bai ambace su ba.

Bayan mako shida, an yi arba'in, Sakina ta dawo ɗakinta. Na je kwasar fatu sai Mode ya ce an kafe sakamako. Sunaye ba na karanta su da sauri, amma lambarta na haddace. Na bi allon da yatsa har na same ta, cikin waɗanda suka ci. Sai dai a gefen lambar an yi wata 'yar alama kamar tauraro, kuma lambobi huɗu kawai ke da ita. Na nufi ofishin Malam Abdulwahabu, wannan karon ta ƙofar gaba.

"Na taya ka murna," in ji shi. "Huɗun nan su suka fi kowa. Gwamnatin jiha za ta tura su Ingila kwas na wata tara. Ga takardarta, tunda hutu ake yi, kai ka kai mata. In ba a amsa cikin mako biyu ba, za a ba na biyar."

Na karɓa na sa a aljihu. Na hau Besfa da fatu ɗaure a baya. Ba zan ɓoye muku ba, a hanya na tsaya a wata inuwa na kashe inji. Ba wanda ya san takardar nan tana hannuna sai mutum ɗaya, kuma mako biyu ba wuyar wucewa gare su ba. Na daɗe a wurin, har mai sayar da rake ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare. Sannan na tayar da babur na koma jami'a, na yi wa Malam tambaya ɗaya, na kamo hanyar gida.

Na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma tana tankaɗe, yarinyar a bayanta, lallen arba'in bai gama fita daga ƙafarta ba. Na miƙa mata takardar na zauna a kan turmi. Ta goge hannu a zane ta buɗe. Ta karanta sau ɗaya, ta sake, sannan ta ninke ta ajiye a cinya. Ba ta yi murmushi ba. Ni take kallo.

"Ka san abin da ac ciki?"

"An hwaɗa mani."

"To, kai mi kac ce?"

"Na koma na tambayo ko can suna karɓam mai goyo. Malam Abdulwahabu ya ce bai sani ba, ba a taɓa tambaya ba. Sai an rubuta masu."

Ta ture rariyar gefe, ta gyara goyonta.

"Baba hwa?"

"Gobe in Allah ya kai mu ni za ni tahi gare shi. Ba Gwaggo ba, ni."

"Miƙo mani biro, Malam, shina bisa taga."